Dokar Carbi a Bakin Jinga

Damina ta yi nisa lokacin da Baba ya rasu. Shinkafa ta ɗauki ciki, ciyawar kachala ta toshe rabin bakin kogi, ruwa kuma yana hawa jikin jingar da ke tare shi daga gari a hankali, kullum ka duba sai ka ga ya ci alamar jiya. Shekara ce da ba a sakin jiki. Mace tana daka tana tsayawa ta saurara, ko a masallaci ma na ji an ce sahun baya rabin hankalinsu yana bakin kogi.

Baba surukina ne, mahaifin mijina. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba yana raye.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda gidan zai ɗauka. Na Hadejia a kan babura, na wajen Auyo a kwalekwale, 'yan uwansa na Malam Madori a bayan wata motar ɗaukar shanu. Ƙanwarsa, gwaggon mijina, ta zauna a tsakar gida tana buga cinya tana cewa, "Wa zai tsawata mana yanzu? Wa zai ce mana ku yi shiru?" Wani tsohon masunci ya ɗaga murya daga zaure har muka ji a ciki, ya ce, "Mutumin nan ko iska sai da ya koya mata ladabi." Maza suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke suka koma salati. Mata suna shigowa suna ce mini, "Ke kam kin yi rashin uba." Ina cewa haka ne. Ban da maƙwabciyata. Ta kama hannuna ta matse, ta daɗe ba ta saki ba.

Kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ni ma ina so kada a manta da shi. Amma a tuna da shi duka.

Mahaifinsa daga bakin Tafkin Chadi ya taho da komar kamun kifi a kafaɗa, ya kafa gida a nan. Baba ya gaji ruwan, ya gaji taurin kan. Dogo ne, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Shi kaɗai yake cin abinci. In yana magana wani ya sa baki, ba zai yi faɗa ba. Zai yi shiru ya zuba wa mutum ido har ya ji kamar ƙasa ta tsage, sannan ya koma farkon maganar, tun daga sallama. Mijina shi ne autansa, yau ga furfura a gemunsa, amma ban taɓa jin ya gama jimla ɗaya a gaban mahaifinsa ba.

Yana da alheri, kuma ni na ci. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙetaren fadama, mijina ya ce ba inda za ni. Baba ya ji, ya ce, "Ta je." Shi ke nan. Da ruwa ya cinye hanya, shi da kansa yake tuƙa ni a kwalekwale, ya zauna a ciki yana ɗinkin koma har mu tashi. Bai taɓa tambayata me aka koya ba. Rannan dai na yi masa godiya, ya ce, "Ba don ke ba ne. Jikokina za ki raina." Duk harafin da ke cikin wannan takarda, a kwalekwalensa na je na ɗauko shi.

Da jikoki kuwa sai ka rantse wani mutum ne daban. 'Yata ta tsakiya yana kiranta uwargida, yana cewa tuwonta ya fi na kakarta. Ɗan farina kuma ɓarawon kifi yake ce masa, tun ranar da ya kama shi yana ƙarami da gasasshiyar tarwaɗa a cikin riga. Shi ya koya masa tuƙi, shi ya zaɓa masa mata, shi ya ba shi carbinsa na hannu mai baƙaƙen 'ya'ya. In akwai wanda Baba yake so a duniya, yaron nan ne. Ina faɗin wannan don kada a ce ƙiyayya ce ta jawo abin da ya faru.

Garinmu sabis ɗin waya ba ya zama, in ruwa ya zo kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar masu gadin jinga ta haɗa hannu ta sayo oba-oba, rediyon magana. Ƙanana na hannu ga masu gadi, babba guda ɗaya mai batirin sola da doguwar eriya a kan gora, aka kafa ta a zauren Baba don shi ne shugaba. Madafata bango ɗaya ne da zauren, saboda haka duk abin da aka faɗa ina ji.

Abin yana da hali. Duk layi ɗaya suke. Mutum ya danna ya yi magana, kuma muddin yana danne ba ya jin kowa. In biyu suka danna tare, sai a ji kamar an jefa kifi a tafasasshen mai. In kuwa ɗaya ta fi ƙarfi, sai ta rufe ƙaramar ruf, kamar ba ta yi magana ba. Daminar farko kowa dannawa yake in ya ga dama. In ba a amsa masa ba ya sake. Da rana tsaka lafiya lau, mutane kaɗan ne ke magana. Amma hadari ya taso, sai soye-soye kawai. Baba ya ce, "Wannan kasuwar mahaukata ce."

'Yata tana karatun kwamfuta a birni, ta zo hutu. Tana wanke-wanke tana jin hayaniyar, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Inna, wallahi wannan muka rubuta a jarrabawa." Baba ya ji ta bango. Ya ce a turo masa uwargida.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi masa bayani. Ta ce wayoyin hannu da kwamfutoci su ma haka suke raba iska ɗaya, kuma masana sun daɗe suna gwada hanyoyi. Ta farko ita ce wadda muke yi, kowa ya faɗa lokacin da ya so, in an yi karo ya maimaita. Ba ta buƙatar shugaba ko agogo, amma mutane suna yawa take lalacewa.

"Wannan na gani da idona," in ji Baba. "Kawo wata."

Ta ce ta biyu a yanka lokaci gunduwa-gunduwa. Ba mai fara magana sai a farkon gunduwa, kuma ya gama kafin ta ƙare. Karo zai ragu sosai, don ba wanda zai faɗo a tsakiyar maganar wani. Aka gwada da agogon waya, farkon kowane minti. Bai yi mako ba. Agogon wannan yana gaba, na wancan yana baya, sannan wane dattijo ne zai gama gaisuwa a minti ɗaya? Kafin ya tambayi gajiya da iyali da ruwa, lokacinsa ya wuce bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Ta uku, a saurara tukuna, sai an ji shiru a danna. Baba ya ji daɗin wannan, ya ce ashe Turawa ma sun san tarbiyya. Amma ita ma ta nuna aibinta. Duk masu jira suna jin shiru sai su faɗo tare. Ga kuma wani abu, mai gadin ƙarshen jinga ta gefen Auyo ba ya jin na ƙarshen da ke kallon Kirikasamma, sun yi nisa da juna. Kowa a cikinsu ya ji shiru, kowa ya danna, a zaure kuma sai ƙara.

"To uwargida, karatun naki ya ƙare ke nan?"

"Saura ɗaya, Kaka, ita ce wadda aka fi amfani da ita."

Ta shigo madafa ta ɗebi 'ya'yan tsamiya a ƙwarya ta koma. Ta ce kowa ya zuba irin wannan a aljihu. In ya ji shiru, kada ya danna. Ya sa hannu ba tare da ya duba ba, ya ɗebo, ya ƙirga abin da ya samu. Wanda nasa ya fi kaɗan shi zai riga. In wani ya riga ka, ka riƙe lissafinka, in ya gama ka ci gaba daga inda ka tsaya, ta haka kowa layinsa zai zo. In an sake karo, a ɗebo da hannu biyu don jiran ya bazu. Na nesa kuma ya fara da gajeren neman izini, zaure ya amsa da sunansa, kowa ya ji ya kame. Sannan ta ce, "Mai labarin ruwa kuma ba ya ɗiba, ba ya jira. Maganar ce babba, ba mai maganar ba."

Na ji shirun nan nasa ta cikin bango. Na ajiye muciya.

"Wato ƙuri'a."

"Eh, Kaka, kamar ƙuri'a."

"Ƙwallon tsamiya ne zai zaɓa tsakanina da ɗan da na haifa? Ni in ɗebo goma, ɓarawon kifi ya ɗebo biyu, in zauna ina jiransa?"

"Kaka, ai na ƙarshen jinga su ke fara ganin ruwa, kuma su ne yara. In ka sa su a baya..."

Ta katse shi ba ta sani ba. Ya yi shiru, ya dube ta, ya koma farko. Da ya gama ya ce ta kwashe tsamiyarta ta kai wa uwarta ta yi kunu. Daga ranar bai sake ce mata uwargida ba.

Amma ya ɗauki rabin maganarta. Ya tara masu gadi ya kafa doka. A saurara, in an ji shiru a jira, amma jiran da carbi za a yi shi, kuma bisa girma. Shi ba ya jira. Ƙannensa da sa'o'insa 'ya'yan carbi kaɗan. 'Ya'yansu kashi ɗaya cikin uku. Jikoki carbi guda cur. In wani ya shigo kafin ka gama, ka koma farko, kamar yadda shi yake komawa sallama. Wanda ya katse babba a karɓe oba-obarsa, a kira ubansa.

Gaskiya layin ya yi tsit. Soye-soye ya ƙare. Mutane daga wasu garuruwa suna zuwa su ji yadda ake yi a garinmu. 'Yata ta koma makaranta tana kuka, ta ce mini, "Inna, in manya suna da abin faɗa, yara ba za su taɓa samun layi ba." Na ce ta yi haƙuri, Allah yana nan.

Bara waccan, da babban ruwa ya zo, ɗan farina yana gadin can ƙarshen jinga shi da abokinsa, ɗan maƙwabciyata. Daga bakin abokin na ji abin da ban gani ba.

Bayan la'asar ne, rana tana nan sarai. Jinga ta fara tsiyaya ta bayansu, tsakaninsu da gari. Kafin su jera buhunan yashi ta buɗe. Suka rage a kan ɗan tudu, ruwa ta ko'ina. Kwalekwale mai inji yana ɗaure a mashigi kusa da zaure, da an ji su da an isa. Amma lokacin ne dattawa ke gaisuwar yamma a layi. Kowa yana gaida Baba, Baba yana amsawa, ana tambayar jikin wance, ana jajanta akuyar wane. Yaron nan ya fito da carbin kakansa. Ana yin shiru ya fara ja. Kafin ya kai rabi wani ya shigo. Ya koma farko. Abokin yana ihu, "Danna mana! Danna!" Shi yana cewa, "Bari, Kaka yana magana." Ruwa ya kai musu gwiwa yana ja.

Da ya kai ƙugu, ya danna. A kan maganar Baba ya danna, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Amma Baba yana danne da tasa, ba ya jin kowa, sauran mutane kuma muryar babbar oba-oba kaɗai suke ji, ta rufe tasa.

Ina madafa ina tankaɗe. Baba ya saki madanni, sai na ji wutsiyar wata murya, rabin kalma, nan take wani dattijo ya hau kai da sallama. Uwa ba ta buƙatar kalma cikakkiya. Na tashi da gari a hannuna na je bakin zaure, inda ban taɓa tsayawa ba in da maza a ciki. Na ce, "Baba, kamar muryar yaron nan na ji."

Bai juyo ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "In yana da magana, layinsa zai zo." Ya danna ya ci gaba da amsa gaisuwa.

Abokin ya samu reshen kanya ya maƙale. Ɗana kuwa ya riƙe oba-oba sama da kansa kada ta jiƙe, tudun ya zame a ƙarƙashinsa. Washegari aka same shi a cikin kachala. Carbin yana naɗe a hannunsa.

Ɗan fari ne, ba a so uwa ta nuna. Na zauna a ɗaki na haɗiye. Matarsa mai ciki ita ta yi kukan mu biyu. Ranar addu'ar uku abokin ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi komai. Kowa ya juya ga Baba. Ya ce, "To ya yi biyayya har kusan ƙarshe. Abin da ya yi daga baya, na yafe masa."

Ya yafe masa.

Bai canza ko ɗan carbi ɗaya daga dokar ba. Ya karɓi carbin daga hannun masu wanka, ya goge, ya ci gaba da lazimi da shi. Da matar yaron ta haihu namiji, Baba ya ɗauke shi ya yi masa addu'a mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa, na gani. Sannan ya miƙa mata ya ce, "Ki koya masa jira irin na ubansa." Na ci gaba da kai masa tuwo, ina durƙusawa, ina share zaure kowace safiya, ina goge ƙurar babbar oba-oba da gefen zanena.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya sa aka kira ni. Na shiga na durƙusa. Ya ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Na sha cewa miyarki gishiri ya yi yawa alhali bai yi ba. Na taɓa zagin mahaifinki a kan iyakar gona." Na ce na yafe. Ya numfasa ya ce, "Maganar yaron nan kuwa, ba ni da abin neman yafiya. In aka bar yara suna katse manya, ba sauran gari." Ya rufe ido. Na yafe masa abin da ya roƙa. Allah ya jiƙansa, shi ya san sauran.

Ranar addu'ar ukunsa, wan mijina, babban ɗan Baba, ya zauna a kan buzun Baba a gaban oba-oba. Ya danna ya sanar cewa dokar carbi tana nan yadda marigayi ya bar ta, wanda ya taɓa ta ya taɓa kabarinsa. Sannan ya raba wuraren gadi. Ƙarshen jinga, kamar kullum, na mafi ƙanƙanta ne. Mafi ƙanƙanta a bana autana ne, ɗa namiji ɗaya da ya rage mini. Wan mijina ya kira shi ya damƙa masa carbin Baba mai baƙaƙen 'ya'ya, ya ce gado ne. Jama'a suka ce madalla.

Na sami mijina da yamma na ce, "Malam, ka yi magana."

Ya ce, "Haba, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Yaya ne babba yanzu."

"Ruwan ya san haka?"

Ya tashi ya ɗauki buta.

'Yata ta zo gaisuwa, tana gida. Muna wanke tukwanen sadaka na tambaye ta a hankali, a cikin hanyoyin nan nata wacce ce za ta yi wa mutum ɗaya aiki in kowa ya ƙi bi. Ta yi tunani ta ce, "Ta farko, Inna, ta mahaukata. Ya faɗi kalma ɗaya ya saki, ya sake, ya sake, ba a jere ba. Dole ɗaya ta faɗa a rami tsakanin maganganu. Amma sai in akwai kunnen da ba ya rufewa. Babbar ce kaɗai ke jin ƙarshen jinga sosai, ita kuma da an danna ta kurma ce."

Na kira autana bayan ɗaki. Na ce ya riƙe carbin don salati, ba don jira ba. Na ce in ya ga ruwa ya ce "ruwa", ya saki, ya sake cewa, ko Liman ne ke magana. Ya ce, "Inna, Baffa zai karɓe oba-obar, ya kira babana." Na ce, "Ya kira ni."

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki tsintsiya na shiga zaure kamar kowace safiya. Na share, na kaɗe buzu, na goge babbar oba-oba. Sannan na murɗe wayar makirfon na zare ta, na naɗe, na ƙulle a bakin zanena. Na ƙara murya. Na jawo tabarma daf da ita na zauna da faifan shinkafa ina tsinta.

Wan mijina ya shigo da sallama, ya gan ni, ya tsaya. Ya duba oba-obar ya ga ramin da babu waya.

"Ke, ina bakin abin nan?"

Na gaishe shi tukuna, na tambayi kwanan iyali, na jira ya amsa. Sannan na ce, "Yaya, kunnen yana nan, yana aiki. Ƙaramarka ta hannu ma tana nan, irin ta kowa. Bakin yana wurina sai ruwa ya janye."

Ya yi shiru ya zuba mini ido irin na mahaifinsa. Na ci gaba da tsintar shinkafa. Can oba-obar ta yi ƙara, muryar autana ta fito daga ƙarshen jinga, sarai, ba wanda ya rufe ta, yana cewa ya isa, ruwa ya ci alamar jiya da ɗan yatsa biyu.